Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin gidajen rediyon Arewa kan maganar kimo

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranku ya daɗe manajoji da furodusoshi da masu gabatar da shirye-shirye, da duk wanda yake da ta cewa a kan abin da ke fitowa daga rediyo ya shiga kunnuwanmu.

Ni malamar firamare ce, ba likita ba ce ni ba kuma ba nas ba, abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shi ne jinyar yayata da na yi kusan shekara biyu, ciwon daji ne ya kama ta a mama, kuma ni na riƙa bin ta asibiti tun ranar da aka buɗe mata fayil har ranar da aka cire mata kanula ta ƙarshe. Na jima ina son in yi muku maganar nan ina fasawa saboda kar a ce na cika tsaurin ido, to amma shekaranjiya da daddare ina wanke-wanke na sake jin tallan nan na mai maganin daji da ke hana mutane zuwa asibiti, shi dai wancan tallan da ya ci mana wata bakwai, da muryarsa da kiɗansa babu abin da ya canza, sai na ce a'a wallahi yau sai na rubuta.

A gidanmu rediyo ba ya hutawa. Yaya tana da wata ƴar ƙarama da take ratayewa a ƙusa a kicin, daga asuba har a kashe wuta yana nan yana magana, kuma duk abin da ya faɗa a wajenta ya zauna, in ka yi mata musu sai ta ce ai a rediyo aka faɗa. Lokacin da ta fara jin ƙullutu a mamanta na hagu bai wuce ƙwayar gurjiya ba, ba zafi ba komai. Ta gaya min a ɓoye, na ce mu je asibiti, ta ce bari dai tukuna, akwai wani mai magani da ta ji yana cewa daji ba ya son ƙarfe, da an soka masa allura ko an sa masa wuƙa shikenan ya fusata ya bazu, kuma wai ruwan kimo, wato maganin dajin da ake sa wa mutum ta jijiya a asibiti, guba ne da ke ƙarasa mutum, shi kuwa nasa na sha ne da na shafawa sati shida an gama. Haka muka yi ta saye, jarka bayan jarka. Sati shida ya zama wata bakwai. Ranar da ta yarda muka tafi asibiti abin ya kai ƙwallon goruba, fatar wajen ta yi kauri ta yi ɗigo-ɗigo kamar ɓawon lemo, ga kaluluwa ta fito a hammata. Likitan da ya duba ta bai yi faɗa ba, shiru kawai ya yi ya cire tabarau ya ce Hajiya ina kika tsaya.

Ba na ce ku kuka sa mata ciwo ba, Allah ne ya ƙaddara. Kuma na san gidan rediyo da talla yake rayuwa, akwai albashi akwai dizal. Abin da ke ci min rai shi ne duk tsawon shekarun da na yi ina sauraronku na ji mutane da yawa suna zagin kimo, amma ban taɓa jin an zaunar da wani ya yi mana bayanin mene ne shi da Hausar da Inna za ta gane ba. Mai tsoratarwa yana da minti talatin duk dare, mai bayani sai ranar 4 ga Fabrairu in ana ranar ciwon daji ta duniya a kira wani likita ya yi minti goma rabi da Turanci a ce an wayar da kai. To tunda haka ne bari ni in faɗi ɗan abin da na koya a bencin asibiti, ku kuma ku nemo waɗanda suka fi ni sani su gyara su ƙara.

Wata nas ce ta fara fahimtar da ni, babbar mace ce mai haƙuri, ta ga na tsaya ina zare ido a kan ledar ruwan da za a rataya sai ta ce ƙanwata kin taɓa noma? Na ce a gidan manoma aka haife ni. Ta ce to jikin mutum gaba ɗaya ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kowace tana rabuwa biyu ta haifi wata in an buƙace ta, in ta tsufa ta mutu. Daji yana farawa ne in wasu daga ciki suka lalace suka daina jin birki, sai su yi ta hayayyafa ba tsayawa har su tara ƙari, daga nan wasu su ɓalle su bi jini ko hanyar kaluluwa su je su yi sansani a huhu ko hanta ko ƙashi. Ta ce tiyata kamar ki sa fartanya ne ki tuge ciyawar da kike gani. Gashin da ake yi wa ciwo da na'ura kamar ki ƙona wuri ɗaya ne da kika auna. Shi kuwa kimo shi ne feshi, ana sa shi cikin jini ya zaga ko'ina ya cimma har irin da ya faɗi inda ba a gani. Kuma yadda yake gane abokin gaba shi ne yana bin duk ƙwayar da ke saurin rabuwa ya lalata ta. Matsalar kawai ita ce a jikin mai lafiya ma akwai masu saurin rabuwa, saiwar gashin kai, da fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargo inda ake ƙera jini. Shi ya sa gashi ke zuba, baki ke yin gyambo, jini ke yin ƙasa. Wallahi ranar ce na fara jin hankalina ya kwanta, don da na ɗauka zubar gashi alama ce ta mutum ya kama hanya, ashe alama ce kawai ta maganin ya taɓa saiwar gashi, kuma ba kowane irin kimo ne ma yake zubar da shi ba.

Kuma ba a fara shi da ka. Kafin a ɗiga mata ko ɗigo ɗaya sai da aka ɗebi ɗan nama daga ƙarin da allura aka kai ɗakin gwaji, wannan allurar da aka yi ta tsorata mu da ita, don a tabbatar dajin ne kuma wane iri ne, saboda ashe dajin mama ma kala-kala ne kuma kowane da maganin da yake ji. Aka yi hoton ƙirji da sikanin na ciki a ga ko ya yi tafiya. Aka gwada jini, aka duba ƙoda da hanta, aka yi hoton zuciya saboda ɗaya daga cikin magungunan yana iya taɓa zuciya har ma akwai iyakar adadin da mutum zai karɓa duk rayuwarsa. Sannan aka ɗora ta a sikeli aka auna tsayinta, da nauyin da tsayin ake lissafa yawan maganin da jikinta zai ɗauka, in ta rame a sake lissafi. Ni da na saba ganin ana cewa a sha kofi ɗaya safe da yamma ko yaro ko babba ko mai ciki, abin ya ba ni mamaki.

Likitan ya gaya mana gaskiya ba ɓoye-ɓoye, kuma wannan ina so ku riƙe shi da kyau don in za ku yi shirin kar ku je ku yi wa kimo irin tallan da ake wa jarka. Ba kowa ake ba shi don ya warke ba. Wani ana ba shi kafin tiyata don ƙarin ya motse a samu damar cirewa, irin na Yaya kenan. Wani sai an yi aiki an gama ake bi da shi don share ɓurɓushin da ido bai gani ba. Akwai cututtukan da shi kaɗai ma yana iya warkar da su, kamar wasu nau'o'in dajin jini na yara da na kaluluwa. Sannan akwai wanda ciwon ya riga ya bazu, shi ana ba shi ne don a rage masa zafi a ja masa lokaci ya samu sauƙin rayuwa, ba don za a tumɓuke ciwon ba. To yawancin mutanenmu a wannan matakin na ƙarshe suke isa asibiti, an gama yawo an gama sayar da kadara ciwo ya fashe yana wari, sai a sa kimo sau ɗaya sau biyu Allah ya yi ikonsa, sai a dawo unguwa a ce kimo ya kashe ta. Ba wanda zai yi maganar shekara ɗaya da rabin da aka yi ana shafa gari. Daga nan maƙwabciya ta ji ta ƙudurta a ranta ita ko da wasa, ita ma ta makara, haka abin ke ta juyawa.

Na Yaya zagaye takwas aka tsara, duk bayan sati uku. Huɗun farko magani biyu ne haɗe, doksorubisin da saiklofosfamaid, huɗun ƙarshe wani ne daban daga dangin da ake ce wa taksen. Na tambaya me ya sa ba za a ba ta gaba ɗaya a huta ba, ko kuma kullum-kullum a gama da wuri, aka ce kwana 21 ɗin nan na tsakani shi ne lokacin da ƙwayoyin jiki masu lafiya ke farfaɗowa, su sun fi na daji iya gyara kansu, sai a sake kai hari kafin na dajin su gama murmurewa. Kowane zagaye wani kaso yake kashewa ba duka ba. Shi ya sa wanda ya yi biyu ya ga ƙari ya motse ya ce alhamdulillahi na warke ya daina zuwa, ya yi wa kansa babbar illa, ragowar za su taso, kuma sau da yawa waɗanda suka rage ɗin su ne masu taurin kan.

Ranar farko ba zan manta da ita ba. Ɗaki ne mai kujeru a jere, kowa da sandar dirif a gefensa, wata na jan carbi wata na barci wani dattijo na sauraron, eh, rediyo. Aka fara sa mata maganin hana amai tukuna da ruwa, sannan nas ta zo sanye da safar hannu da wani babban sirinji cike da magani ja wur kamar zoɓon da aka tace, ta zauna ta riƙa tura shi a hankali a hankali tana kallon jijiyar, ta ce Hajiya in kika ji zafi ko raɗaɗi a wajen allurar nan ki yi magana nan take kar ki yi kara, domin in ya zubo a wajen jijiya yana cin nama. Yaya ta kalle ni na kalle ta. Awa uku muka fito. Da muka dawo gida ta shiga banɗaki sai ga ihu, wai fitsarin jini take, Inna ta fara salati tana cewa dama sai da aka faɗa. Ashe nas ɗin ta gaya min ni ce na manta ban gaya musu ba, launin maganin ne yake fita, kwana ɗaya zuwa biyu ya washe. Kun ga irin ɗan wannan bayanin, jimla ɗaya ce tak, amma rashinta kan iya sa gida guda ya hana mara lafiya komawa.

Kwana uku na farko tashin zuciya da kasala, abinci ya koma mata kamar tana tauna ƙarfe. Abin da ya fi tayar mata da zuciya ba ku zata ba, turaren wuta ne, matar da ke haɗa turare da hannunta ta wayi gari ko ƙyallen da ya sha turare ba ta son a wuce da shi, sai da muka kwashe kaskon gaba ɗaya. Soye-soye ma haka. Abin da ya zauna mata kunun tsamiya ne mara zafi, da ɗan fate, da kankana, kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon a cika mata kwano. Maganin aman da aka rubuta mata aka ce ta sha a kan lokaci kar ta jira sai aman ya zo, kuma gaskiya ya yi aiki, ba irin aman da ake ba da labari ta yi ba. Da bakinta ya fara gyambo sai kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi da burushi mai laushi, yaji kuwa aka yi sallama da shi na wani lokaci.

Gashin kuma sai a sati na uku. Ina tsefe mata kitso kawai na ga kalba guda ta biyo hannuna. Na yi maza na dunƙule na ɓoye a bayan zani, ta ce ƙanwata na gani, ci gaba. Ta yi kuka ranar sosai, ni ma na yi, duk da cewa mu dama kullum kai a rufe yake ba wanda zai sani, amma mace da gashinta sai Allah. Washegari da kanta ta ce a kira mai aski a kwashe sauran. Farcenta ya yi baƙi, tafin hannu ya yi duhu, al'ada ta ɗauke. Da aka koma maganin na biyu kuma sai ciwon gaɓoɓi da jin yatsu kamar ana tsira mata allura. Duk wannan an gaya mana zai iya faruwa, kuma yawanci sun wuce bayan an gama. Gashin ya dawo bayan ƴan watanni, da laushi kamar na jariri, har da furfurar da ba mu san da ita ba.

Amma abin da na fi so ku yi ta nanatawa a rediyo har mutane su haddace kamar yadda suka haddace lambar wayar masu jarka shi ne maganar zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki kenan, suna yin ƙasa sosai, a lokacin ƙaramar cuta da ni da ku za mu sha farasitamol mu wuce tana iya kayar da mai kimo cikin awoyi. An ce mu sayi ma'aunin zafin jiki mu ajiye, in ya kai 38 ko ta fara rawar sanyi to ba kemis ba, ba maganin maleriya a gida ba, ba bari gari ya waye ba, asibiti kai tsaye kuma a gaya musu tana kan kimo. Ya faru da mu bayan zagaye na uku wajen ƙarfe ɗaya na dare, mijinta ya ce a bari da safe, na ce Yaya Alhaji ka yi haƙuri wallahi ba za mu kwana ba, muka tashi maƙwabci mai Keke Napep. Kwana biyar ta yi a kwance ana mata allurai ta jijiya. Likitar da ta karɓe mu ta ce da kun kai safiya da labarin ya canza.

Nan ne kuma muka yi rigima da ƴan dubiya. Kun san mu da zumunci, mota guda za a ciko a zo a cika ɗaki, wannan na tari wannan ta goyo yaro mai mura, kowa da ƙullin maganin da zai ce a gwada. Da na fara tsayawa a bakin ƙofa ina cewa a gaisa daga nesa a wanke hannu, sai aka ce ƴar boko ta hana a ga ƴar'uwa, wata gwaggonmu har yau ba ta gama huce min ba. Wasu kuma akasin haka, sun ƙi cin abinci a kwanon da ta ci wai kar su ɗauka. Daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ta kwano ko tabarma ko gaisawa, ita ce ma ke cikin haɗarin ɗaukar cuta daga gare su. Fura da nonon da ba a dafa ba, da salak ɗin bakin titi, da tsiren da ya sha iska, duk sai da aka dakatar. Azumi ya same mu a tsakiya, ta so ta yi ta ƙarfi, sai da limamin unguwarmu Allah ya saka masa ya zo da kansa ya karanta mata ayar da ta yi wa mara lafiya rangwame ya ce ta sha ta rama daga baya. Su ma maza a gaya musu, ba a son mace ta ɗauki ciki tana kan kimo kuma ba ta shayarwa, kuma wanda ke son haihuwa nan gaba mace ko namiji ya yi wa likita maganar tun kafin a fara.

Masu cewa kimo guba ne, ni ban musa ba, ai likitocin ma ba su ɓoye ba. Asalinsa ma daga guba aka faro, a Amurka a 1942 wasu masana biyu a jami'ar Yel, Louis Goodman da Alfred Gilman, suka gwada wani sinadari ɗan'uwan iskar gubar da aka yi yaƙin duniya na farko da ita a kan mai dajin kaluluwa, ƙarin ya motse na ɗan lokaci. Bayan ƴan shekaru Sidney Farber a Boston ya ga yara masu dajin jini sun samu sauƙi da wani maganin. Daga nan aka yi ta gyara ana aunawa har aka zo inda ake yau. Abin da ya fi burge ni da na bincika shi ne da yawa daga cikin magungunan nan daga tsirrai da ƙasa aka samo su. Binkiristin da ake ba yara daga wata fulawa ce ƴar asalin Madagaska, wadda ake shukawa a gidaje don ado. Faklitaksel, ɗaya daga cikin dangin taksen ɗin nan, daga ɓawon wata bishiya ce a Amurka. Shi kansa jan maganin da ya tsorata Inna daga wata ƙwayar halitta aka samo shi da ke cikin ƙasa a Italiya. Kenan ba gaba ake da itatuwa ba, ni ma jikar mai magani ce, kakanmu sassaƙe yake bayarwa. Bambancin shi ne waɗannan an tace su an gwada a kan dubban mutane an san adadin da ke kashe ciwo da adadin da ke kashe mutum, an kuma rubuta illarsu an gaya maka tun kafin ka sa hannu. Mai jarka wace illa ya taɓa gaya mana? Kuma kar a ce abin na Turawa ne kaɗai, dajin nan da ke kumbura muƙamuƙin yara wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, cikin waɗanda suka nuna kimo na narkar da shi har da Farfesa Victor Ngu ɗan Kamaru da ya yi aikinsa a Badun, har ya samu lambar yabo ta Lasker a 1972. A ƙasar nan aka yi wannan aikin, amma sai ka ga yaro da kumburin fuska ana ta yi masa tsaga da hayaƙi.

Maganar kuɗi kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, akwai tsada mai karya gida. Mun sayar da ɗan kunnen gwal na Yaya da tumaki huɗu da wani fegi da Baba ya bar mana, kuma akwai zagayen da aka ɗaga da sati guda ba don jini ya yi ƙasa ba sai don aljihu ya yi ƙasa. Sai can tsakiyar jinya wata mata a layin famasi ta ce min kin kuwa je ofishin walwala kin tambayi tallafi? Ashe tun 2019 akwai shirin gwamnatin tarayya na rage farashin wasu magungunan kimo a manyan asibitocin koyarwa, sannan a 2021 aka fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, aka fara da asibitoci shida, a Arewa akwai na Zariya da na Gombe da na ƙasa da ke Abuja. Ban ce yana isar kowa ba, ban ce ba a shan layi ba, amma ta yaya mutum zai nemi abin da bai taɓa jin labarinsa ba? Wannan ai aikinku ne, ku da kuke da wakilai a kowace ma'aikata, ku je ku tambayo yadda ake shiga ku faɗa mana, in kuɗin ba ya fitowa ku tambayi dalili a gaban makirfo yadda kuke wa ƴan siyasa.

Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2022 ta ce a Najeriya an samu sabbin masu ciwon sama da 127,000 a shekarar, kusan 80,000 suka rasu, kuma na mama shi ne kan gaba. Da yawa daga cikinsu masu sauraronku ne, wasu ma da rediyon a gefen filo suka cika.

Roƙona bai da yawa ranku ya daɗe. Ku ware fili ko na rabin awa ne a sati, a lokacin da mata ke kicin suna ji ba ƙarfe sha ɗayan dare ba, ku kawo likitan daji ko nas da ta iya Hausa ta gaske, in ya fara zuba Turanci mai gabatarwa ya tare shi ya ce likita fassara mana. Ku buɗe waya mutane su yi tambayar da suke jin kunyar yi a asibiti. Ku kawo waɗanda suka sha kimo suka tashi su yi magana da bakinsu, suna nan da yawa sun yi shiru ne saboda gudun tsegumi, Yaya ta ce in dai ba za a faɗi sunanta ba ita ta yarda ta zo. Sannan tallan da zai ce wa mai ƙullutu kar ta je asibiti, ko ya ce a ajiye kimo a koma nasa, don girman Allah ku daina karɓar kuɗinsa, ko wanda bai yi karatun likita ba a cikinku ya san wannan jimlar tana iya kashe rai. Mai magani ya tallata na basir da na sanyi wannan tsakaninku da NAFDAC ne, amma ban da wannan.

Akwai wata baiwar Allah da muke haɗuwa da ita duk sati uku, daga wani ƙauye take zuwa da ɗanta, kujerarta na kusa da ta Yaya har sun saba suna raba dabino. Bayan zagaye na biyu ba mu sake ganinta ba. Nas ta kira lambar ɗan, ya ce ai ƙarin ya baje sun gode, kuma kawunsa ya samo wani magani da aka ce ya fi sauƙi. Wata biyar bayan nan na gan su a bakin ɗakin gaggawa an kwantar da ita a bayan mota, ɗan ya gane ni ya sunkuyar da kai, ni ma ban iya ce masa komai ba sai sannu.

Yaya ta gama takwas ɗinta, ƙarin ya motse har likita ya ce yanzu za a iya aiki, aka cire maman, aka gasa wajen da na'ura, yanzu tana kan wata ƙwaya da ake ce wa tamoksifen, ita ba kimo ba ce, guda ɗaya kullum na tsawon shekaru. Ba a ce mana an gama da ciwon har abada ba, an ce dai a riƙa zuwa ana dubawa, kuma likitan ya faɗa a gabana cewa da tun yana gurjiya ta zo da wataƙila ba a kai ga cire maman duka ba. Ta koma haɗa turarenta. Rediyon yana nan a ƙusarsa, sai dai yanzu in tallan nan ya shigo takan miƙa hannu ta rage murya har ya wuce sannan ta ƙara. Ranar Talata mai zuwa muke da ganin likita, in Allah ya kai mu.

Wassalam. Taku mai sauraro, ƙanwar mai jinya.